Inuwar Ubangiji da Tukunyar Bazara



A watan Afrilu, daga Kankiya har Kusada, zafi yakan haura digiri 40. Rijiya ta ja baya, rumbu ya yi ƙasa, damina kuwa da sauran tafiya. Ista a tsakiyar wannan lokaci take zuwa mana, shi ya sa nake so mu dubi Zabura ta 121, inda aka kwatanta Ubangiji da inuwa a gefen mutum, mai kare shi daga bugun rana. Mutumin ƙasar sanyi zai karanta ya wuce. Mu kuwa mun san sanƙarau da zafi yake shigowa, kuma dattawan Kafinsoli ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta ci dubban rayuka a Arewa.

To, ta ina wannan inuwa take shiga gida? Ni dai na gamsu, sau da yawa ta madafi take shiga.

Ku buɗe 1 Sarakuna sura 17. Ana fari, Allah ya aiki annabi Iliya wurin wata gwauruwa a Zarefat, wadda ba ta da komai sai ɗan gari da ɗan mai. Bai cika mata rumbu ba. Garin ne dai ya ƙi ƙarewa, ita kuma kullum sai ta nemo itace ta hura wuta. Matar nan ba ’yar Isra’ila ba ce. Da Yesu ya tuna wa mutanen Nazarat haka, a Luka sura 4, har fushi suka yi. Duk wanda ya taɓa kashe ƙishirwa da nonon Bafulatana a ranar kasuwa ya san Allah ba ya tambayar mu ta hannun wa zai taimake mu.

Iyayenmu mata sun daɗe suna wannan aiki na shigo da inuwa ta madafi. A bazara ɗorawa take nuna, a dafa kalwa a yi daddawar da za ta kai gida har kaka. Kuka da busasshiyar kuɓewa da aka adana tun bara, yanzu ne ranarsu. Da rana ta take, jiki ba ya son tuwo, sai kunun tsamiya, da fura da nono, da zoɓo mai citta da kanumfari, da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Waɗannan suna mayar wa jiki ruwan da gumi ya kwashe. Amma zafin nan yana saurin lalata abinci. Ɗumame sai ya tafasa sosai. Ruwan zoɓo a dafa shi, a kuma kula da ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, domin gudawa ba ta yi wa yaro da wasa. In ta kama shi, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a nufi asibiti.

Don kare abinci daga zafi, wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Ruwan yana bushewa yana tafiya da zafi, tumatir da alayyafo su ƙara kwanaki. Aikin ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Maginan tukwanenmu za su iya.

Na san akwai tsoron da ya fi rana: ’yan bindiga sun raba iyalai da gonakinsu a jiharmu, wasu suna zaune a gidajen dangi hannu wofi. Ba zan ce muku mai bi ba ya shan wahala ba. Gwauruwar Zarefat ma sai da ɗanta ya mutu kafin a tashe shi. Roƙona ga zumuntar mata da matasa shi ne, kafin saukar ruwan farko, ku bi unguwa-unguwa ku san gidajen da hatsinsu ya ƙare, na Kirista da na Musulmi, mu haɗa tiya-tiya mu kai musu.