Ciwon Gaɓɓai Da Ganin Likita Ta Waya

Yau maganarmu a kan ciwon gaɓɓai ce, wanda waɗansu ke kira sanyin ƙashi, da yadda mutumin ƙauye zai gana da likita ba tare da ya hau mota ba.

Da fari ku sani ciwon nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai na tsufa da wahala. A bakin kowane ƙashi akwai guringuntsi mai santsi, shi ke hana ƙasusuwa gugar juna. In ya cinye sai gwiwa ko kwankwaso su riƙa ciwo, tsugunawa da tashi su yi wuya. Akwai kuma wani wanda ya fi wannan mugunta, ya fi kama mata. Shi ya kan kumbura gaɓɓan yatsu da wuyan hannu, dama da hagu gaba ɗaya, mutum ya tashi da safe hannu a sandare, har fiye da rabin sa'a bai saki ba. In ba a tare shi cikin watannin farko ba, yatsu su kan karkace, mace ta kasa riƙe taɓarya, manomi ya kasa riƙe fartanya. In sun karkace kuwa, ƙwaya ba ta miƙar da su.

To, likitocin wannan ciwo kaɗan ne, galibinsu suna manyan asibitoci na birane, irin su Kano da Zariya. Ga nisa, ga kuɗin mota, ga rafi ya kawo da damina. Saboda haka a ke neman taimakon waya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A ƙasar Ostareliya tun 1928 aka fara kai wa mutanen daji likita cikin jirgin sama. A 1929 aka soma ba su rediyo wadda a ke tuƙawa da ƙafa kamar keke, don su nemi taimako. Daga baya aka ajiye musu akwatin magani, kowane magani da lambarsa, likita ya faɗi lamba, su ɗauko su sha. Mu kuwa tun 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya, yanzu ga ta har da mai nuna fuska.

Ku tambayi malamin ɗakin shan magani ko akwai likitan da ya ke iya kira. In akwai, ga abin da za ku yi:

1. Ku zo da dukan magungunan da ku ke sha, har da na gargajiya.
2. Ku tuna yaushe ciwon ya fara, da waɗanne gaɓɓai ya kama.
3. In gaɓa ta kumbura a gida, a ɗauki hotonta da rana, cikin haske.
4. Ku bar malamin ya tattaɓa gaɓɓan, gama shi ne hannun likita.
5. A rubuta muku abin da likita ya ce, da ranar da za a sake kira.

Amma fa waya ba ta awon jini, ba ta ɗaukar hoton ƙashi. In likita ya ce ku zo, ku daure ku tafi. Tafiya ɗaya da wuri ta fi goma bayan hannu ya lalace. Daga nan sai a riƙa bin lafiyarku ta waya.

Wanda aka ba shi ƙwayar metotirezet, sau ɗaya tak a ke shanta a mako. Shanta kullum ya kan yi kisa. Tana bukatar awon jini a kai a kai, mai ciki kuwa ba ta sha. Ku guji ƙwayoyin haɗe-haɗe na 'yan talla. Su kan kwantar da ciwo yau, gobe su kawo gyambon ciki, su ɓata ƙoda.

Abu na ƙarshe. In gaɓa guda ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, mutum ya kasa motsa ta, kada a tsaya jiran waya, kada a yi tsaga ko ƙaho. Wataƙila ƙwayoyin cuta ne suka shiga, suna iya cinye gaɓar cikin 'yan kwanaki. A kai shi asibiti a ranar.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wani mako.