KALABA: ABUBUWAN KALLO DA MASAUKIN BAƘI

Jawabina na yau a kan Kalaba ne, babban birnin Jihar Kuros Riba, wanda ke bakin Kogin Kalaba, can kusurwar kudu maso gabas ta ƙasarmu. Da yawa daga cikinmu in an ce tashar jiragen ruwa, Ikko da Fatakwal kaɗai ke faɗo musu a rai. Alhali kuwa tun ɗaruruwan shekaru jiragen Turawa ke tsayawa a Kalaba suna ciniki da mutanen Efik, da fari cinikin bayi, daga baya na manja. Nan ne kuma hedkwatar mulkin Nijeriya ta Kudu kafin a mai da ita Ikko a 1906.

Baƙo ya fara da tsohon Gidan Razdan da ke bisa tudu yana duban kogi. A Birtaniya aka sassaƙa katakansa, aka yo jigilarsu cikin jirgin ruwa, aka harhaɗa a 1884. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne, cike da tsofaffin takardu da hotuna da kayan ciniki na wancan zamani. A ganina, wanda ya ba shi ƙasa da sa'a biyu ya cuci kansa. Daga nan sai a gangara bakin ruwa, wurin shaƙatawa da ake kira Marina, inda aka keɓe wani gida domin tarihin cinikin bayi. Ba wurin raha ba ne. Mutum zai ga sarƙoƙi da marin da aka ɗaure 'yan Adam da su, ya kuma ga yadda ake jera su cikin jirgi kamar buhuna. Ku tafi da 'ya'yanku su gani da idonsu, gama karatun littafi bai kai gani ba.

Har wa yau akwai makarantar Hope Waddell da aka kafa a 1895, inda Dokta Nnamdi Azikiwe ya taɓa karatu, da kabarin Mary Slessor, 'yar mishan ɗin nan da ta yi fama wajen hana kashe tagwaye, ta rasu a 1915. Kalaba ce kuma Turawa suka kai Sarkin Bini Ovonramwen gudun hijira bayan sun ci birninsa a 1897, a can ya cika a 1914. Mai sha'awar daji kuwa, Gandun Dajin Ƙasa na Kuros Riba da gangaren ruwan Kwa ba su da nisa ƙwarai. Amma kada a ruɗe ku da tsaunin Obudu: jiha ɗaya ce, sai dai tafiyar yini ce a mota.

To, sai batun masauki, wanda a nan ne baƙi suka fi shan wuya. Tun 2004 ake yin babban bikin gari cikin watan Disamba, kuma a ƙarshen watan otal-otal kan cika maƙil, kuɗin ɗaki ya hau. Wanda ya taso da iyali bai kama ɗaki tun da wuri ba, yana iya kwana cikin mota. A sauran watanni akwai manyan otal da ƙananan gidajen saukar baƙi daidai aljihun kowa. Kafin ka biya, ka nemi a nuna maka ɗakin, ka tambayi yadda ruwa da lantarki suke, ka duba ko akwai gidan sauro, sa'an nan ka karɓi rasit.

Baƙon da ya fito daga Arewa ba zai yi kewa ba, domin a unguwar Bogobiri akwai Hausawa mazauna, da masallaci, da masu tsire. Amma kada ka ƙare ziyararka a can. Mutanen Efik sun yi suna wajen girki, ka ɗanɗani miyar afang ko edikang ikong. In akwai naman da ba ka ci, ka tambaya cikin ladabi, za a gaya maka.

Ruwan saman Kalaba ya kusa ninka na Kano sau uku, damina kuma takan kai wata takwas. Saboda haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa. Wanda dole ta sa ya je da damina, ya riƙi laima da takalmin roba, in kuma da hali ya sauka ta filin jirgin sama na Margaret Ekpo, don ruwa kan ɓata hanyar mota.