Ƙaurar Jama'a da Tattalin Arzikin Ƙasashe: Riba ce ko Hasara?



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne ƙaurar mutane daga ƙasarsu ta haihuwa zuwa wata ƙasa, da kuma abin da wannan ƙaura ke haifarwa ga ƙasar da aka bari. Bisa ga lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, a shekarar 2020 mutum wajen miliyan 281 ne ke zaune a ƙasar da ba a nan aka haife su ba, watau kusan mutum 4 cikin kowane 100 na jama'ar duniya. Tambayar da zan aza a gabanku ita ce: idan ɗan ƙasa ya ɗaure kayansa ya tafi, ƙasarsa riba ta ci ko kuwa hasara ta yi?

Bari mu fara da yawan jama'a, mu ɗauki Ailan, tsibirin da ke yamma da Ingila. A ƙidayar 1841 mutanenta sun haura miliyan 8. Daga 1845 sai wata cuta ta afka wa dankalin Turawa, wanda shi ne cimar talakawa, yunwa ta kashe wajen mutum miliyan 1, wasu kamar haka kuma suka shiga jiragen ruwa zuwa Amurka da Ingila. Abin lura shi ne, bayan yunwa ta wuce ƙaurar ba ta tsaya ba, domin wanda ya riga ya tafi shi ke aiko wa ƙanensa kuɗin jirgi. Kafin 1911 jama'ar tsibirin sun koma wajen miliyan 4.4, har yau kuma ba su komo adadin 1841 ba. A zamaninmu ma an ga irin wannan a Bulgeriya, wadda jama'arta suka kusa miliyan 9 a 1985, amma ƙidayar 2021 ta sami miliyan 6.5 kawai, saboda ƙaura da ƙarancin haihuwa. Dalilin haɗuwar waɗannan abubuwa biyu a fili yake: ba tsofaffi ke ƙaura ba, samari da 'yan mata ne, waɗanda su za su yi noma, su biya haraji, su hayayyafa. In sun tafi, sun tafi har da 'ya'yan da ba su haifa ba tukuna.

To, amma kada a ce babu wata riba. Ribar da ta fi fitowa fili ita ce kuɗin da masu ƙaura ke aikowa gida. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2023 irin wannan kuɗi da ya shiga ƙasashe masu tasowa ya haura dala biliyan 600, abin da ya ninka duk taimakon raya ƙasa da ƙasashe masu arziki ke bayarwa. Indiya kaɗai ta sami fiye da dala biliyan 100 a 2022. Ƙasar Filifin kuwa da gangan ta mai da fitar da ma'aikata manufar gwamnati. A 1974, zamanin mulkin Shugaba Markos, aka kafa dokar ƙwadago wadda ta tsara aika ma'aikata waje, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya buɗe ayyukan gine-gine a ƙasashen Larabawa. A 'yan shekarun nan abin da ma'aikatan jinya da na jiragen ruwa da masu aikin gida ke aikowa ya kai kusan kashi 9 cikin 100 na dukan dukiyar da ƙasar ke samarwa a shekara. Kyawun wannan kuɗi shi ne, kai tsaye yake shiga hannun iyali, a sayi abinci, a biya kuɗin makaranta da na magani, ba tare da ya bi ta ofishin kowa ba.

Sai dai fa wannan riba tana da rauni iri biyu. Na farko, ƙofar da wani ke riƙe da mabuɗinta, ranar da ya ga dama zai rufe. Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya a 1961, ta dakatar da ita a 1973 da tattalin arziki ya tsuke. A 1990, sakamakon rikicin mamaye Kuwaiti, wajen mutanen Yaman 800,000 suka bar Saudiyya dole, ƙasarsu ta rasa kuɗin da suke aikowa, ta kuma sami ƙarin bakunan ciyarwa a lokaci guda. Mu ma nan ba baƙon labari ba ne. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, abin da ya shafi Yarabawa da Hausawa da yawa, har da waɗanda aka haifa a zangunan can. A Janairun 1983 kuma Nijeriya ta kori baƙi, cikinsu har da mutanen Gana wajen miliyan 1. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ƙasar da ta jingina arzikinta ga raɓa kuwa lalle tana cikin haɗari.

Rauni na biyu ya shafe ku kai tsaye, ku ɗalibai. Akwai bambanci tsakanin ƙaurar lebura da ƙaurar likita. Idan saurayin da ba shi da aikin yi ya tafi cin rani, gida bai rasa kome ba sai ganinsa, ya kuwa sami abin da zai aiko. Amma likita ko injiniya ko malamin jami'a, da kuɗin harajin manomi da ɗan kasuwa aka yi shekara da shekaru ana karantar da shi. Ranar da ya tafi, ƙasa matalauciya ta yi wa ƙasa mai arziki kyautar wannan ɗawainiya duka. Kuɗin da zai aiko wa iyayensa zai gina gida, amma ba zai yi wa mace mai naƙuda tiyata a asibitin karkara ba. Ganin haka ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙa'idojin ɗaukar ma'aikatan lafiya tsakanin ƙasashe a 2010, ko da yake ƙa'idoji ne na ganin dama, ba na tilas ba.

To, mene ne abin yi? Hana fita ba magani ba ne. Jamus ta Gabas ta gina katangar Balin a 1961 don ta tsare jama'arta, katangar ta faɗi a 1989, ƙasar ma ta bi ta. Ruwa ba ya tsami banza: mutum ba ya barin mahaifarsa sai in albashi ya gaza, ko kayan aiki babu, ko tsaro ya taɓarɓare. Ailan ɗin da muka fara da ita ta nuna hanya. Ta mai da karatun sakandare kyauta a 1967, ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai a 1973, ta jawo masana'antu, zuwa ƙarshen shekarun 1990 masu shigowa sun fi masu fita yawa, da yawansu kuwa 'ya'yanta ne suka komo da ilmi da jari.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatan gwamnati da su kula da abubuwa uku. A riƙa ajiye sahihin lissafin ƙwararrun da ke fita, domin abin da ba a ƙidaya ba, ba a iya shirya masa. A rage tsadar aiko da kuɗi, wadda a Afirka kudu da Sahara ta kai kusan kashi 8 cikin 100, alhali burin da duniya ta amince da shi zuwa 2030 kashi 3 ne. Sa'an nan a sauƙaƙe wa mai son komowa hanya, a amince da takardunsa da shekarun aikinsa. Ku kuma ɗalibai, tafiya mabuɗin ilmi ce, ba mai hana ku. Amma ku tuna cewa akwai bashin jama'a a wuyanku, kowa kuma ya san hanyar da zai biya nasa.