Ma'aunin Duniya da Ajin Yaƙi da Jahilci: Jawabin Magatakardan Ƙungiya

Shugaba, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, 'yan uwa na Maraɗi da Katsina da Jibiya, barkanmu da sake ganin wannan rana.

An ce in yi magana kan ajin yaƙi da jahilci da muke son buɗe wa mata membobinmu. Ni ke riƙe da rajistar ƙungiya, kuma yawancin iyayenmu mata yatsa suke dangwalawa a wurin sa hannu. A bara wata uwarmu mai sarin tattasai ta kawo mini takardar da aka ba ta a wani shinge. Jika biyar ta biya, amma 2,000 aka rubuta. Ita da dala da jika take lissafi, takarda kuwa da faran take magana. Ba ta gane ba sai da ta iso gida. Ba ita kaɗai ake yi wa haka ba.

Ana auna irin wannan giɓin tsakanin ƙasa da ƙasa. Tun 2006 Dandalin Tattalin Arziki na Duniya, mai yin taro a Dabos ta ƙasar Suwizalan, yake fitar da rahoto kan tazarar da ke tsakanin maza da mata. Abu huɗu yake dubawa: sana'a da samun kuɗi, ilimi, lafiya, da shugabanci. Ayislan ce ke kan gaba tun 2009. A 2017 Ruwanda ta zo ta huɗu, gaba da Faransa da Amurka. Wani babban dalili shi ne tun 2008 mata suka fi maza yawa a majalisar wakilanta.

A nan ake bukatar lura. Wannan ma'auni tazara yake aunawa, ba wadata ba. Idan miji da mata duk ba su iya karatu ba, zai ce sun yi daidai. Kuma alƙaluman hukuma yake amfani da su, don haka hajiyar da ke ciyar da gida da cinikin ƙuli-ƙuli da mai ba lallai ta fito a ciki ba. Kada a kawo shi aji don a kunyata kowa, ko a ce wata ƙasa ta fi mu.

To, ina amfaninsa? Shawarata uku ce.

Na farko, malami ya koyar da lissafi da shi. Bayan zaɓen 2023, mata ba su kai biyar ba cikin sanatoci 109 na Nijeriya. Nijar ta kafa doka a 2000 da ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, a 2019 aka mayar da shi kashi 25. Wadda ta gane "kashi cikin ɗari" a nan, gobe za ta gane ribarta da abin da ɗan canji ya cire mata.

Na biyu, mu auna kanmu da abubuwan nan huɗu. Mata nawa ne cikinmu ke karanta rasit? Nawa ne suka samu rancen asusu? Nawa ne a kwamitin zartarwa? A rubuta amsa bana, a sake dubawa baɗi.

Na uku, a nuna wa ɗalibai cewa karatun mata ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usman ɗan Fodiyo ta tsara 'Yan Taru, jajojinta suna kai ilimi ga matan ƙauyuka. Aikinta muke ɗorawa.

Abin da nake roƙo a wannan taro: a ware kuɗin allo da alawus ɗin malama daga asusu, a sa aji bayan la'asar a ranakun da ba kasuwa, alhazai kuma ku ba iyalanku izini. Fatana baɗi uwar nan tamu ta karanta takardarta tun tana gaban shingen.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a kasuwancinmu.