Jawabi: Yadda Ake Ceto Murya Idan Kwamfuta Ta Mutu

Wannan jawabi an shirya shi ne domin 'yan'uwa mutanen Arewa waɗanda neman abinci ya kai su Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabo a Badun, da Anacha da Fatakwal. Mutumin da ya yi nisa da gida ya fi kowa sanin darajar murya. A da kaset ake ba direban mota ko ma'aikacin jirgin ƙasa ya kai wa iyali, yau kuwa waƙar biki da karatun malami da gaisuwar tsohuwa duk a cikin kwamfuta da waya suke kwana. To, ina makomarsu ranar da na'urar ta ƙi tashi?

A ɗauki misalin wani saurayi a unguwar Fadikpe cikin Minna, babban birnin Jihar Neja. Ya mai da shagon ƙofar gidansu ɗakin ɗaukar murya, ya manna katifu a bango, ya sayi makirfo da tsohuwar kwamfuta. Fatake daga kudu suna aiko masa kuɗi ya shirya musu waƙoƙin aure da na suna. A cikin kwamfutar nan kuma akwai tatsuniyoyin kakarsa da ya ɗauka kafin Allah Ya yi mata rasuwa. Ran nan aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, kwamfuta ta yi shiru. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro, amma wannan bai hana wuta yi wa mutumin Fadikpe wasa ba. Kuɗin mutane ana iya biya ko da bashi, muryar tsohuwa kuwa ba mai sake ɗaukarta.

Abu na farko da ya kamata ya sani shi ne, mutuwar kwamfuta daban, mutuwar ajiya daban. Sau da yawa abin da wuta ke ƙonawa shi ne sashen da ke karɓar lantarki ko allon ciki, alhali faifan ajiya, watau had disk, yana nan lafiya lau. Mai gyara yana iya kwance shi, ya sa shi cikin ɗan gidansa mai waya, ya jona da wata kwamfuta, sai ga fayiloli sun bayyana kamar ba abin da ya faru. Saboda haka kada a yarda wani ya goge faifan domin ya zuba sabon Windows tun ba a kwashe kaya ba. Nan ne mutane da yawa suke yin garin neman gira su rasa ido.

Abu na biyu, a kasa kunne. Faifan nan yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, kuma akwai ɗan hannu mai karatu da ke shawagi a kansa ba tare da ya taɓa shi ba. In aka ji yana ƙas-ƙas ko yana gurzawa, to hannun ya lalace, kuma duk lokacin da aka sake kunnawa kankare fuskar faifan yake yi. Sai a kashe nan take. Kada a bubbuga shi, kada a sa shi a firji kamar yadda wasu ke cewa, kada kuma a buɗe shi a shago, domin ƙwayar ƙura guda ta isa ta ɓata shi. Wannan aiki ne na ƙwararru masu ɗaki marar ƙura, kuma da tsada, sai mai shi ya auna ko abin da ke ciki ya cancanci kuɗin.

Abu na uku ya shafi wanda ya goge aikinsa bisa kuskure. A irin wannan faifai, idan an goge fayil, sunansa kawai ake cirewa daga rajista, kamar mai unguwa ya soke sunan mutum daga littafi alhali ɗakinsa yana tsaye. Muryar tana nan har ranar da aka rubuta wani abu a kanta. Dabara ita ce a daina aiki da faifan sam. Gwani yakan fara kwafe shi baki ɗaya zuwa wani faifai, sa'an nan ya yi bincike a kan kwafin da manhajoji irin su PhotoRec da TestDisk da Recuva, waɗanda ake samu kyauta. Abin da aka ceto kuma wani wuri dabam ake zuba shi, in ba haka ba sai ya danne sauran da ba a kai ga cetowa ba. Amma sababbin kwamfutoci masu ajiyar SSD ba su da wannan sassauci, domin galibi suna share gurbin abin da aka goge cikin ɗan lokaci kaɗan.

Akwai kuma wani tarko da ya keɓanta ga masu haɗa waƙa. Fayil ɗin aiki na FL Studio ko Cubase yawanci ba shi ne ke ɗauke da muryar ba, nuni kawai yake yi zuwa inda take. Wanda ya ceto shi bai ceto fayilolin WAV ba, ya sami kube ne babu wuƙa. Tilas a nemo su duka. In kuwa faifai ya ƙi ci, sai a bi mutane, domin wanda aka taɓa aika wa waƙa ta WhatsApp a Agege yana iya kasancewa da ita har yanzu. Ba lalle ta kai asalin kyau ba, amma da babu gara ba daɗi.

Kada wani ya ɗauka wannan masifa ta talaka ce kaɗai. A shekarar 1998 kamfanin Pixar na Amurka yana cikin aikin fim ɗin Toy Story 2 aka ba kwamfuta umurni bisa kuskure, ta goge mafi yawan aikin. Da aka duba ajiyar ko-ta-kwana sai aka tarar ita ma ta lalace. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, wadda ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta. Har ila yau, a 2019 dandalin MySpace ya ba da sanarwar cewa waƙoƙin da jama'a suka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta, an ƙiyasta sun kai miliyan 50. Ashe ajiya a intanet ma, in ita kaɗai ce, ba abin dogara ba ce.

A gida kuwa darasin ya fi kusa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Abin da ya sa ake jin muryarsu yau shi ne ta yaɗu, tana gidajen rediyo irin na Kaduna, tana faya-fayan garmaho, tana kaset a hannun masu shaguna da direbobi. Waƙar da aka ɗauka sau ɗaya a gidan biki aka jefa a akwati, zafi da laima suka cinye ta, ta tafi ke nan.

Saboda haka ƙa'idar masana ita ce kwafi 3, a kan na'ura iri 2, guda 1 kuma a wani gari. Mazauna kudu sun fi kowa samun sauƙin wannan, domin suna da gida biyu: kwafi ɗaya a Ikko, ɗaya a Minna ko Kano. Minti guda na WAV mai ingancin faifan CD kusan megabayit 10 ne, watau filash mai gigabayit 32 zai ɗauki fiye da awa 50. Kuɗinsa bai kai na ɗinkin Salla ba. A riƙa gwada kwafin lokaci lokaci, kada a faɗa ramin da Pixar ta faɗa. A sa wa kwamfuta sitabilaiza da batirin riƙon wuta, a kuma zare ta daga soket in hadari ya taso. Masu tsofaffin kaset a ɗakunan haya na bakin teku su hanzarta juye su, domin laimar kudu ba ta jiran kowa.

Saurayin Fadikpe, in ya yi haƙuri bai sake kunna na'urar ba, akwai kyakkyawan zaton zai sake jin kakarsa tana cewa ga ta nan ga ta nanku. Sauran jama'a kuwa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya tsare mana abin da magabata suka bari, Ya mai da kowa gida lafiya, amin.