Karl Marx a Kan Hanyar Zariya



A watan Maris na 1983, malaman Jami'ar Ahmadu Bello suka kira babban taro kan Karl Marx da Afirka, don cikar shekara 100 da mutuwar wannan Bajamushe masanin falsafa. Me ya haɗa Samaru, mazaunin jami'ar a Zariya, da mutumin da aka binne a Landan?

Tambayarsa ce ta haɗa su: wa ke da gona da masaƙa, wa ke zubar da gumi, kuma aljihun wa riba ke shiga? Masana tarihi suka ɗauke ta suka sake duba haraji da jangali. Masana tattalin arziki suka bi sawun gyaɗa da auduga har Ingila. Malaman adabi ma suka fara tambayar wa marubuci yake karewa, talaka ko mai mulki. Ra'ayin bai tsaya a aji ba, don Dakta Yusufu Bala Usman, malami a jami'ar, ya zama sakataren gwamnatin Balarabe Musa ta jam'iyyar PRP, gwamnan da majalisar jihar Kaduna ta tsige a 1981. Sojoji ma abin ya dame su, har suka kori wani malamin jami'ar, Patrick Wilmot, daga ƙasar a 1988.

A ganina, Marx ya gaza wajen fahimtar addini, shi ya sa da yawa a Arewa suka karɓi ma'auninsa na dukiya suka bar masa sauran. Amma duk mai son sanin dalilin rufe masaƙun Kakuri da ke Kaduna, da wuya ya kauce wa tambayar tasa.