Amsoshin Takardunku: Yadda Shekarar 2020 Ta Zo Wa Mutanen Ostireliya

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya aiko da takarda, yana tambaya wai wane abu ne ya fi girgiza mutanen Ostireliya a shekarar 2020.

To malam, su dai da wutar daji suka shiga shekarar. Tun cikin 2019 take ci saboda tsananin fari, ta halaka mutum 33, ta ƙone gidaje wajen 3,000, ban da tumaki da shanu. Ana cikin jimamin wannan sai ga cutar korona. A watan Maris gwamnati ta rufe iyakoki, baƙin da ke zuwa tsinkar 'ya'yan itatuwa suka yi wuya.

Amma ka san abin da ya fi ƙona wa manoma rai? Rigima da ƙasar Sin, babbar mai sayen kayansu. Firayim Ministan lokacin, Scott Morrison, ya nemi a binciki asalin korona. Ba a jima ba, a watan Mayu, Sin ta ɗora wa sha'ir ɗinsu harajin sama da kashi 80 cikin ɗari, ta kuma tsayar da sayen nama daga wasu mayanka huɗu. Ga shi ruwa ya dawo, an yi amfani mai yawa, amma babban mai saye ya juya baya. Kai da kake kai hatsi kasuwa, ka san zafin wannan. Dole suka karkata zuwa Saudiyya, a farashin da bai kai na da ba. Sai a watan Agustan 2023 Sin ta janye harajin.